Yadda Na Yi wa Aljanar Ruwa Wanki da Guga

Akwai ranakun da mutum ke mantawa da su don babu abin tunawa a cikinsu, akwai kuma waɗanda yake ta ƙoƙarin mantawa su ƙi mantuwa. Ranar Asabar ɗin da na shiga falon Gwaggo Halina da ƙunshi a hannu tana cikin kashi na biyu. Shekara uku ke nan, amma har yau da na ji ƙamshin sitaci sai kunnuwana su ɗau zafi.

Bari in fara gabatar da mai laifin. Na yi shekara goma sha huɗu ina koyar da Hausa a wata makarantar sakandare a Zariya kafin Allah Ya jefo ni London, inda nake koyar da ita kwana uku a mako a wata kwaleji da ke Bloomsbury. Ɗalibaina kashi biyu ne: Turawa masu son zuwa ƙasar Hausa, da 'ya'yan Hausawa masu son su daina amsa wa kakanninsu da Turanci. Ina da ciwo guda, kuma ba na ɓoye shi, wato bin asalin kalmomi. Ba za ka miƙo mini sabulu in karɓa in yi shiru ba, sai na gaya maka daga bakin Larabawa muka ɗauko sunan. Matata Hajara ta daɗe da sallamawa. Abin da take cewa kawai shi ne, "Malam, ci abincinka tukuna, kalmar ba guduwa za ta yi ba."

Muna zaune a Deptford, a wani tsohon gida da aka raba biyu. Mu ne a sama, a ƙasa kuma wata tsohuwa 'yar Yukiren mai suna Halina, wadda ta biyo 'yarta ƙasar nan shekaru da dama da suka wuce. Gajera ce, mai jiki, ta haura saba'in, kuma ba ta rabuwa da ɗankwali, yadda in ka hango ta daga baya sai ka rantse wata ce daga dangin mahaifiyarka. Lambun bayan gida namu ne tare. Akwai igiyar shanya a ciki, da 'yan kunyoyin albasa da take nomawa, da wata doguwar bishiya mai farin ɓawo a can ƙurya.

Ba mu yi wata guda da tarewa ba Hajara ta raɗa mata Gwaggo, ita kuma ta amsa. Turancin tsohuwar bai fi cikin cokali ba, amma sai su zauna su biyu su yi awa guda suna hira da hannu da gira da hotuna. Kwano ya sauka da masa, ya dawo da miyar ja mai tsami. Ni kuwa, mai digiri biyu da rabi (rabin yana nan ana fama), in mun haɗu a ƙofa sai ta ɗan gyaɗa mini kai irin gyaɗawar da ake yi wa mai karanta mitar wuta. Abin ya tsaya mini a rai fiye da yadda ya kamata. Ba wani abu nake nema wajenta ba, so nake kawai tsohuwar nan ta san cewa akwai mutum mai daraja a saman kanta, ta dube ni kamar yadda take duban Hajara. A kan wannan ɗan buri na yi duk abin da za ku ji.

A farkon watan Yuni, ranar wata Lahadi, Hajara ta hawo sama tana dariya. Wai ta gaya wa Gwaggo za ta bi hanyar bakin kogi ta miƙe ƙafa, sai tsohuwar ta kama wuyan hannunta ta ce a'a, ban da wannan makon, kada ta kusanci ruwa. Da ta tambayi dalili, kalma ɗaya ta samu: rusalka. Hajara ta tambaye ni ko mene ne wannan. Ban sani ba. Amma ban taɓa furta wannan jimlar a gaban iyalina ba, ban kuma ga dalilin farawa ranar ba. Na ce bayanin yana da tsawo, ta bari sai na huta.

Washegari tun kafin a gama buɗe ƙofar laburare ina tsaye. Can na wuni, kuma gaskiya abin da na tarar ya biya wahalata. Rusalka, a wajen mutanen Yukiren da Rasha da maƙwabtansu, aljana ce ta ruwa da daji. An ce budurwa ce da ta mutu kafin aure, galibi wadda ruwa ya ci, ruhinta ya kasa tafiya. Mako guda a farkon bazara takan fito daga kogi ta hau bishiya tana lilo a reshe, kuma duk wanda ya yi gangancin shiga ruwa a makon tana iya janye shi. Wannan bai ba ni mamaki ba. Kakata ma ta sha hana mu zuwa rafi da tsakar rana saboda 'yan ruwa, kuma akwai tsamiyar da ba a zama gindinta a unguwarmu.

Abin da ya sa na kusa tashi tsaye a laburaren mutane shi ne asalin sunan. Masanan da suka fara bincike sun ɗauka daga kalmar da ke nufin kwarin kogi aka samo shi, wasu suka ce daga launin gashi ne, tun da an ce gashinta fari-fari ne mai tsawo. Sai daga baya aka bi sawun kalmar aka tarar ba ta da haɗi da ruwa ko kaɗan. Romawan dā suna da wani biki da suke kira rosalia, bikin furen wardi, lokacin da suke kai furanni kaburburan 'yan'uwansu. Sunan ya shiga bakin Girkawa, ya manne wa wani makon ibada na Kirista da ke faɗowa a daidai lokacin, daga nan ya gangara ƙasashen Silabawa, wato su Yukiren da Rasha, a matsayin sunan makon da matattu ke kusantar masu rai. A hankali sunan mako ya zama sunan wadda ke fitowa a cikin makon. Wato fure ne ya taso daga maƙabartar Roma, ya yi tafiyar ɗaruruwan shekaru, ya ƙare a matsayin budurwa mai jiƙaƙƙen gashi a kan reshe. Ku gaya mini wane ɗan Adam ne zai san wannan ya iya riƙe bakinsa?

Littafin ya ci gaba da bayanin abin da mutanen ƙauye ke yi da abin da suke bari a wannan mako. Nan na rufe shi. A ganina wannan aikin masu tattara tatsuniyoyi ne, ni kuwa malamin harshe ne, na riga na kamo abin da na zo nema.

Ranar Talata da la'asar na sauka lambu. Gwaggo tana durƙushe tana cire ciyawa daga albasarta. Na tsaya a kanta, hannu a baya kamar ina gaban aji uku, na fara da Turanci a hankali, ina rarrabe kalmomi. Na kawo Romawa, na kawo kaburbura, na kawo Girkawa, har na zana mata hanyar a iska da yatsa, daga yamma zuwa gabas. Zan yi minti ashirin. Ba ta katse ni ba, ba ta kuma daina cire ciyawa ba. Da na kai aya, ta ɗago, ta share hannunta a zane, ta ce da ɗan Turancinta:

"Roma ban san ta ba. Rusalka daga ƙauyenmu take."

Na yi irin murmushin nan da malami ke yi wa ɗalibin da ya yi ƙoƙari amma bai ci ba. Na hau sama na gaya wa Hajara cewa an fara samun fahimtar juna. (Da na ɗaga kaina ko sau ɗaya a cikin minti ashirin ɗin nan, da na ga abin da ke rataye a saman hulata. Amma mai lacca ba ya duban sama, ƙasa yake dubawa inda jahilai suke.)

Ranar Laraba Hajara ta tafi Manchester sunan 'yar ƙanwarta, za ta kwana uku. Ranar Alhamis da safe, ina tsaye a tagar kicin da kofin shayi, na hangi wani farin abu yana kaɗawa a bishiyar lambu. Na gyara gilashi. Riga ce. A sama kuma hadari ya haɗu, irin baƙin nan na London da ba ya tsawa ba ya gargaɗi.

A nan ya kamata in yi wa kaina adalci kaɗan. A gidanmu na Zariya akwai dokar da ba a rubuta ba amma kowa ya sha duka a kanta: in hadari ya taso, shanyar maƙwabta ake fara kwashewa kafin ta gida. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ba ta tambayar ko an sa ka. In kayan maƙwabciyarmu Inna Ladi suka jiƙe kana gida, kai ne mai laifi. Kuma ba a mayar wa mutum kayansa a dunƙule kamar tsumma, ana ninkewa ne a kai da sallama. Saboda haka ba tunani na yi ba, tarbiyya ce ta motsa. Sai kuma wata murya ta ƙara da cewa ga dama ta samu: shekaranjiya ka nuna mata ilimi, yau ka nuna mata hali.

Labulenta a rufe yake. Ina iya ƙwanƙwasawa in tambaya, amma a lokacin ina ganin alherin da aka yi shawara a kansa ya rage daraja. Na ɗauko tsani daga rumfar kaya na hau. Ƙa'idar da na gina ita ce iska ce ta ɗauke rigar daga igiya ta maƙala ta a reshe. Da na isa sai na tarar an ɗaure ta da jan zare, ƙulli uku, tsaf. Mai hankali zai tsaya nan ya tambayi kansa ko yaushe iska ta koyi ƙulli. Ni sai na gyara ƙa'idar, na ce wataƙila a ƙasarsu a bishiya ake shanya, kowa da al'adarsa. Igiyar shanyar ma fayau take tun farkon mako, babu ko safa. Na lura da hakan, na kuma ba shi fassara: tsufa ya fara hana ta wanki.

Riga ce doguwa ta farin yadi mai kauri, ɗinkin hannu, an yi mata ado da zare ja da baƙi a wuya da hannuwa, aiki mai kyau da zai sa masu ɗinkin hula na Zariya su tsaya su duba. Siririya ce, ta 'yar budurwa, ko hannu ɗaya na Gwaggo ba zai shiga ba. Wannan ma na ba shi fassara. Kwana uku a waje sun bar mata shaida: ƙura, ɗanyen ganye, da sa hannun tsuntsaye biyu ko uku. Na ce ai ba a mayar da kaya haka.

Ban jefa ta a inji ba, ni ba jahili ba ne. A baho na wanke ta da hannu, da ruwan sanyi don kada jan zaren ya zuba. Da yamma na biya shagon 'yan Gana da ke kasuwar babban titi na sayo sitaci da bula. Ranar Juma'a bayan masallaci na kafa teburin guga. Ni kuwa guga a makarantar kwana na koye ta, a kan kayan manyan ɗalibai waɗanda ba sa yafe lanƙwasa, saboda haka in na ce na goge rigar nan, ku yarda na goge ta. Na fitar mata da kari a hannuwa kamar bakin wuƙa. Na ninke ta murabba'i, na naɗe da takardar kyauta mai ruwan gwal da ta rage daga wani biki, na ɗaura kirtani.

Ina cikin ɗaurin ne na fara jin waƙa daga ƙasa. Ban taɓa jin Gwaggo tana waƙa ba. Jim kaɗan aka ƙwanƙwasa ƙofa, na buɗe, sai ga ta, ta hawo matakalar nan da kullum take kuka da ita saboda gwiwa. Fuskarta ta sauya, kamar an rage mata shekara goma. Ta kama hannuna da hannuwanta biyu, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce gobe da rana mu sauko ni da matata mu ci abinci, akwai farin ciki. Na ce za mu zo, har ma ina da wani abu da zan kawo mata. Da ta juya, na tsaya a bakin ƙofa ina jinjina wa kaina. Na ce lalle ilimi kamar maganin gargajiya yake, sai ya kwana biyu yake fara aiki.

Hajara ta dawo ranar Asabar da hantsi. Kafin ta hawo ta tsaya wajen Gwaggo, kamar yadda ta saba, ta daɗe. Ta shigo idonta ya yi ja kaɗan, ta ce baiwar Allah nan tana ba ta tausayi, za ta ba ni labari in mun dawo. Ta ga ƙunshin ta tambaya, na ce ta bari za ta gani tare da kowa. Na sa farin kaftani da hula zanna. Muka sauka.

An ƙawata falon da ɗanyun rassa, a ƙofa da taga da bayan hotuna, an watsa wani ganye mai ƙamshi a ƙasa. Akwai 'yarta Oksana, mai aiki a kantin magani, mace mai natsuwa da Turanci tsaf, da wasu tsofaffi biyu ƙawayenta na coci. Tun daga ƙofa na miƙa ƙunshin da hannu biyu, na roƙi Oksana ta fassara mata cewa wannan ba kyauta ba ce, abinta ne ya dawo gare ta, amma a bari sai an ci abinci. Gwaggo ta yi dariya ta ajiye shi a tsakiyar tebur, kusa da hoton wata yarinya mai dogon kitso.

Aka kawo abinci. Ta kiyaye, babu naman da ba ma ci, Hajara ta daɗe da koya mata. Akwai wasu 'yan ƙulle-ƙullen fulawa da dankali a ciki, kamar ɗanwake ne ya yi karatun boko. Na ci guda shida. Ina kan na bakwai na tambayi Oksana, cikin muryar wanda ya riga ya san amsa, ko wane farin ciki ake yi.

Ta ajiye cokali ta yi bayani a hankali. Yarinyar da ke cikin hoton Nadiya ce, ƙanwar mahaifiyarta. Tana da shekara goma sha bakwai ruwa ya ci ta a kogin ƙauyensu, a irin wannan mako, ba a ma ga gawarta ba. A al'adarsu, in makon ya zo, mata sukan rataye riga ko yadi a bishiya saboda 'yan matan da suka tafi haka, don an ce tsirara suke fitowa, suna jin sanyi, suna roƙon sutura. Ba a wanki a makon, ba a ɗinki. Gwaggo ta ɗinka wa Nadiya riga da hannunta, kuma shekara hamsin da 'yan kai ke nan tana rataye ta duk shekara, a can gida da nan, mako ya ƙare ta sauke ta yadda ta rataye ta. Ta daɗe da saka wa ranta cewa ƙanwarta fushi take yi da ita, domin ranar da abin ya faru tare za su je kogin, ita ta ƙi zuwa.

"To, shekaranjiya da safe ta fito," in ji Oksana, "ta tarar babu rigar. An kwance zaren, ba tsinkewa ya yi ba. Ta ce Nadiya ta karɓa."

Ta ɗan rage murya ta ƙara da cewa ita kam ta fi zargin 'yan shaye-shayen unguwa, amma ba ta taɓa ganin mahaifiyarta cikin irin wannan sauƙin rai ba, saboda haka ba za ta ce komai ba.

Na bakwai ɗin nan yana bakina. Ban iya haɗiye shi ba, ban iya fito da shi ba. Hajara ta juyo ta ce mini da Hausa ai labarin da za ta ba ni ke nan, ita ce ma ta riƙe tsani ranar Litinin Oksana ta hau ta ɗaura, lokacin ina laburare. Sai ta ga fuskata. Ta dubi ƙunshin. Ta sake duban fuskata. Shekara goma sha tara muna tare, ba ta buƙatar ƙarin bayani.

"Malam," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, tana murmushi saboda mutane, "me ke cikin takardar nan?"

Na ce mata ruwa ne ya taso.

"Inna lillahi. Har da guga?"

"Har da sitaci."

Ta yi ƙoƙari, Allah Ya saka mata. Ta miƙa hannu tana cewa da Turanci mijinta ya yi kuskure, ya ɗauko ƙunshin da ba shi ba, na Gwaggo yana sama. Amma Gwaggo ta riga ta jawo shi gabanta, tana kwance kirtanin a hankali irin na mutanen da ba sa yaga takarda. Na yi tunanin tashi in fita in bi titi har Zariya. Na yi tunanin suma. A ƙarshe abin da na yi shi ne na zauna, hannuwana a kan gwiwa, kamar mai jiran sakamakon jarrabawar da ya san bai rubuta komai ba.

Takarda ta buɗe. Ga riga, fara fat, har da ɗan shuɗin bula, murabba'i kamar an yanka ta da reza.

Ɗaya daga cikin tsofaffin ta yi alamar gicciye. Gwaggo ta daɗe tana kallon rigar, kuma a gaban idona shekaru goman nan da aka rage mata suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne ban iya mantawa ba. Kunyar mutane tana da sauƙi. Amma ka ga abin da tsohuwa ta jira shekara hamsin, ka ba ta shi ba da saninka ba, sannan ka zo da kanka cikin farin kaftani ka karɓe, wannan wani abu ne daban.

Na fara bayani. Na kawo hadari, na kawo mahaifiyata, na kawo Inna Ladi da haƙƙin maƙwabtaka a ƙasar Hausa. Oksana tana fassarawa, tana cizon leɓe, ban san ko kuka take dannewa ko dariya ba. Hajara ta taka mini ƙafa na yi shiru, wanda shi ne abu na farko mai amfani da na yi a makon.

Gwaggo ta ɗaga rigar ta warware ta. Sitacin ya kama sosai, har hannuwan suka tsaya a miƙe su kaɗai. Ta shinshina ta. Ta bi karin da yatsa daga kafaɗa zuwa wuyan hannu. Sannan ta yi magana da harshensu, doguwa, ba ta dube ni ba, ƙawayenta suka fara girgiza kafaɗa. Oksana ta ce wai mahaifiyarta ta ce Nadiya tun tana raye ba ta taɓa sanin inda dutsen guga yake ba, kuma in ta sa wannan rigar ba za ta iya lanƙwasa hannu ta kama reshe ba.

Sai Gwaggo ta juyo gare ni, ta yi magana da Turanci da kanta, tana neman kalmomin ɗaya-ɗaya.

"Kwana biyu na yi farin ciki. Shekara hamsin, kwana biyu. Ba kaɗan ba ne." Ta ɗan tsaya. "Amma saura kwana ɗaya mako ya ƙare. Kai ka sauke. Kai ka mayar."

Na dubi Hajara. Ni mutum ne da wani lokaci akan tura gaba in ja salla in liman bai zo ba, ga shi ana so in hau bishiya in rataye wa aljana riga. Na fara yi mata raɗa cewa akwai matsala ta fuskar aƙida. Ta ce ita ba malama ba ce, amma abin da ta sani shi ne wanda ya ɗauki kayan mutane ba da izini ba, wajibi ne ya mayar inda ya ɗauka. Na auna fatawar na ga ba ta da kafar kuskure. Na yi niyyar mayar da amana, ban yi niyyar komai ba bayan wannan, Allah ne shaida.

Haka na hau tsani da kaftani da hula, mata biyar suna tsaye a ƙasa suna ba ni umarni da harsuna uku. Wannan ta ce reshen hagu, waccan ta ce sama kaɗan. Gwaggo ta miƙo jan zare ta nuna mini yatsu uku. Na yi ƙulli uku. Rigar ta tsaya a reshe a sandare, hannuwa a buɗe, ko iska ta kasa kaɗa ta, sai dai ta juya ta gaba ɗaya kamar allon talla. Da na sauko, Gwaggo ta kama gefen kaftanina ta karkaɗe mini ɓawon itace, ta tura ni ciki ta ƙara mini abinci. Na ci, don ban ga fuskar ƙi ba.

Nadiya ba ta karɓi rigar ba a shekarar, kuma ban ga laifinta ba. Amma tun daga ranar Gwaggo ta daina gyaɗa mini kai daga nesa. Yanzu tsayar da ni take yi, ta ba ni kwalba in buɗe mata, ta yi mini faɗa in na fita ba rigar sanyi. Ta kuma raɗa mini wani suna da harshensu, wanda take kirana da shi har a gaban baƙi. Na tambayi Oksana ma'anarsa, ta ce ba shi da sauƙin fassara, ta canza magana. Ƙamus ɗin yana nan a laburare, hawa na uku, na san kantar da yake kai. Ban je ba.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma na biya shi da tsada. Sanin inda kalma ta fito ba ya gaya maka wanda ke zaune a cikinta yau, wannan sai ka durƙusa kusa da mai cire ciyawa ka yi shiru. Sannan alheri ma yana buƙatar sallama. Yanzu in na ga abu a rataye a bishiya a garin nan, ko da wandona ne, ko da ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai na ƙwanƙwasa ƙofa na tambaya ko na wani ne.